Balamin da Ya Lashi Hannun Liman

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, 'yan majalisar mai shayin unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na zo wucewa sai wani ya gyara murya ya ce, "Mai Balami, ya kiwo?" Sai in ɗaga hannu, in yi yaƙe, in ƙara sauri. Su wajen dariyar suka riƙe. Sauran labarin, wanda babu dariya a cikinsa ko kaɗan, ni nake yawo da shi.

Yayana Adamu manomi ne a Danchuwa, Allah ya jiƙansa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira ni. Na zauna a bakin gado ina jiran wasiyya a kan gona ko a kan yara, sai na ji ya ce, "Ragunan nan ka kai su wajenka, in ka ga dama ka sayar. Amma Duna amana ne. A hannuna ya tsufa, bai iya bin bola ba." Duna karensa ne mai gadin garke, baƙi wuluk, da ɗan farin tabo a ƙirji. Na ce to. Ba a musu da mara lafiya, balle wanda ya riga ya kama hanya.

To, ku ji irin mutumin da aka damƙa wa wannan amana. Huluna da turare nake sayarwa a Hausari, nan cikin Potiskum, gidana kuma yana unguwar Dogo Tebo. Ni mutum ne mai son a gan shi fes. Sahun gaba nake tsayawa, daidai bayan liman, in ladan ya makara ni nake tayar da iƙama (kuma, Allah na tuba, nakan ji daɗi in ya makara). Irina a ce yana da kare? Ina! Sai na ajiye Duna a kangon bayan gida tare da ragunan. Duk wanda ya ji haushi ya tambaya, amsata a shirye take: "Ai na marigayi ne, gadin dabbobi yake yi, ni ko kallonsa ba na yi."

Wannan kam ban yi ƙarya sosai ba. Hannuna bai taɓa sauka a jikinsa ba. Da doguwar gora nake tura masa kwanon abinci, in ya gama in jawo da ita. Shi kuwa bawan Allah, da ya ji takuna sai ya hau kaɗa jela, kamar Yaya Adamu ne ya dawo. Aikinsa kuma ya yi shi. Lokacin da ɓarayin awaki suka addabi layinmu, gidana ne kawai suka tsallake. Da aka yi min barka a masallaci, na sunkuyar da kai na ce albarkar addu'a ce.

Cikin zafin bazara abin ya fara. Na shiga kango da safe na tarar da shi a gindin bango ya gantsare yana nishi. Ya tashi ya zaga, ya dawo ya sake gantsarewa. Babu abin da ya fito. Nan take na yanke hukunci kamar wanda ya yi karatun abin: ƙashi ya ci, cikinsa ya ɗaure. Na jiƙa kanwa a kwano na tura masa da gora, ya shanye tas. Da yamma na zuba masa man gyaɗa a kan tuwo, ya shinshina ya kau da kai. Na ce ai magani ne yake aiki.

Washegari matata Mairo ta tare ni a bakin ƙofa ina gyara karin hula.

"Malam, karen nan ba bayan gida yake nema ba. Fitsari ne ya ƙi fita."

"Ke kuma yaushe kika zama likitar karnuka?"

"Ni nake shanya kuɓewa a kangon nan. Kullum mitata a kan zarnin gindin bangon nan take, ka manta? Je ka duba, a bushe yake ƙamas. Ɗigo-ɗigo ne kawai, shi ma ja."

Na je na leƙa daga nesa. Haka ne. Ɗigon jini-jini a ƙasa, ga amai a gefe. Duna yana tsaye ƙafafunsa na rawa, cikinsa ya kumbura ta wajen mara. Da ya gan ni ya yi wani ɗan kuka siriri da ban taɓa ji daga bakinsa ba. A take muryar Yaya Adamu ta dawo min.

Na tafi asibitin dabbobi, amma ni kaɗai na tafi. Likitan wani mutumin wajen Jos ne da ya daɗe a garin nan, kowa Dakta yake ce masa. Na same shi a tsakiyar masu shanu, na ja shi gefe na rage murya.

"Dakta, karen wani maƙwabcina ne ba shi da lafiya. Ko akwai 'yar ƙwayar da za a ba shi?"

Ya tambaye ni namiji ne ko mace, tsoho ne ko yaro, yana amai, yana cin abinci. Na amsa duka dalla-dalla (abin mamaki yadda na san karen maƙwabci haka). Ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, ka gaya wa maƙwabcin naka wannan ba aikin ƙwaya ba ne. Tsakuwa ce take taruwa a mafitsara, sai ɗaya ta gangaro ta toshe hanya. Namijin kare hanyarsa siririya ce. Fitsari yana taruwa babu mafita, ya koma ya lalata ƙoda, guba ta shiga jini. Sai an zura roba an buɗe hanyar. Ya kawo shi yau. Ka ji ni? Ba gobe ba, yau."

"Ba za ka iya leƙowa gida ba?"

"Kayan aikin suna nan, ni kaɗai ne kuma. Ka dai ga layi."

Na fito na kama hanyar gida da niyya mai kyau, wallahi da niyya mai kyau. Amma ina shiga layinmu sai na fara kallonsa da wani ido. Daga ƙofata zuwa titi hanya ɗaya ce tak, kuma sai ta bi ta gaban masallaci, ta bi ta gaban mai shayi, inda ba a rasa mutum tun daga asuba. Na hango kaina ina tafe da kare a hannu, mutanen da nake tayar wa iƙama suna kallo.

Sai Shaiɗan ya kawo min dabara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Gobe ranar kasuwar shanu ce. A ranar kasuwa, kowane keke mai ƙafa uku a garin nan za ka gan shi da rago ko akuya a ciki, babu mai sake kallo. In na lulluɓe Duna na saka a keke, wa zai ce ba rago ba ne? Har daɗi na ji, na ce kai, Allah ya yi min kwanya.

Na gaya wa Mairo. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ba ka ce likita ya ce yau ba?"

"Haba, kwana ɗaya ai ba zai kashe shi ba."

Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Da ta yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Da safe muka same shi a kwance ta gefe, idanu sun faɗa. Na kira sunansa, bakin jelar ne kawai ya motsa. Na ɗaura leda a hannuwana biyu (eh, leda, irin ta sayen tumatir), ni da Mairo muka mirgina shi a kan buhu, na lulluɓe shi da tsohon bargo har kai. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Ba shi da ƙarfin yi. A lokacin har hamdala na yi da ya yi shiru, kuma wannan hamdalar tana cikin abubuwan da ba na son tunawa.

Na ɗauki shatar keke daga ƙofar gida, muka kwantar da shi a wajen ajiye ƙafa, na zauna na baza babbar riga. Mun wuce masallaci lafiya. Ina cikin cewa an tsira, sai na ji mai keke ya taka birki, daidai gaban mai shayi. Malam Bukar ne, limaminmu, tsaye da sandarsa yana ɗaga hannu. A unguwarmu babu mai keken da zai wuce Malam Bukar a rana, shata ko ba shata ba.

Ya shigo a hankali irin na tsofaffi, ya zauna kusa da ni, ƙafarsa na gogar bargon. Mai keke bai ja ba, yana jiran Malam ya gama amsa gaisuwar 'yan majalisa.

"A'a, ƙanin Adamu. Kasuwa za ka?"

"Eh, Allah gafarta Malam."

"Madalla. Ni ma rago zan dubo, an yi min jika. Wannan cikin na marigayi ne?"

Nan ne fa. Da na ce kaya ne, da na ce mara lafiya ne kada a taɓa, da ma na yi tari na shiriritar da maganar. Amma bakin ɗan kasuwa ba ya ganin mai saye ya yi shiru. Sai na ji kaina na ce, "Eh, Malam, ɗan balami ne."

"Balami!" Idonsa ya yi haske. "To me ya sa ka lulluɓe shi da bargo a wannan zafi?"

"Ɗan mura yake yi."

Duk wanda ya san Potiskum ya san halinmu. Ba a ajiye rago kusa da namiji a garin nan ya kame hannunsa. Ko ba saye zai yi ba, hannun da kansa yake tafiya, ya danna gadon baya, ya matsa gindin jela, ya ji kitse, sannan a yi magana. Ni kaina haka nake yi. Na gina dabarata kaf a kan ranar kasuwa, na manta da hannun mutanen kasuwa.

Malam ya yi bisimilla ya sunkuya ya zura hannu ƙarƙashin bargo.

Na so in riƙe hannun, amma wa yake riƙe hannun liman? Ina kallon fuskarsa tana sauyawa. "Kai, wannan ai ya rame, haƙarƙari nake ji." Ya ƙara shafawa. "Gashin nan kuma..." Ya matsa gaba yana laluben ƙaho, ya shafa wuya, ya shafa bayan kunne.

Tun rasuwar Yaya Adamu babu ɗan Adam ɗin da ya shafa Duna. Da ya ji hannu a bayan kunnensa, sai ya tattara ɗan sauran ƙarfin da ya rage masa, ya turo baƙin kansa daga cikin bargo, ya lashi hannun Malam.

Mai keke ne ya fara waiwayowa. "Innalillahi! Kare? A kekena?" Ihunsa ya tayar da majalisa gaba ɗaya, aka yo kanmu da kofunan shayi a hannu. Wani ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga balami mai kunnen kare!" Wani ya ce, "Ashe murar ce ta cinye ƙahon!" Aka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ga ni zaune cikin shadda da ƙamshin turare, leda ɗaure a hannu, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kun san abin da ya fito daga bakina? Da duk kalmomin da ke duniya, cewa na yi, "Na marigayi ne."

Malam Bukar bai yi dariya ba, bai kuma yi salati ba. Ya ɗaga hannun nan a sama nesa da rigarsa, yana kallon Duna, wanda kansa ya riga ya koma ƙasa. Ya ga jinin da ya ɓata buhun.

"Me ya same shi?"

Na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa.

"Likita ya gan shi?"

"Jiya na je. Ya ce a kawo shi."

"Jiya ya ce a kawo shi, kai kuma ka jira kasuwa?"

Dariyar ma ta fara lafawa. Mai keke ya ce sai dai mu sauke masa abin nan, shi da kekensa yake ɗaukar mutane masu alwala. Malam ya ce, "Ɗana, ruwa yana wanke keke. Ja mu je asibitin dabbobi." Har muka isa hannun nan yana sama kamar mai rantsuwa.

Dakta na ganina ya ce, "Maƙwabcin ne ya aiko ka?" Babu murmushi a fuskarsa. Ya bar masu shanu ya sa aka ɗora Duna a kan tebur, ya danna mararsa, ya girgiza kai. "Kamar dutse. Zo ka riƙe min kansa."

Na dubi ledar hannuna, ta riga ta yage tun a hanya. Na cire ta na yar. Wannan ne karon farko da na taɓa karen da ya daɗe yana gadin gidana. Kansa ba nauyi, hancinsa a bushe. Ashe har furfura ta fito masa a gefen baki, ni ban sani ba, gora ba ta nuna wa mutum irin wannan.

Dakta ya aske masa hannu ya saka ƙarin ruwa. Ya soka allura ta cikinsa ya fara zuƙo fitsarin don a rage wa mafitsarar nauyi, abin da ke fitowa ja-ja ne kamar zoɓon da ya kwana. Sannan ya ɗauko wata siririyar roba ya zura ta hanyar fitsarin. Ta tafi ta tafi, ta tsaya cak. "Ga tsakuwar nan," in ji shi. Ya riƙa tura ruwa ta cikin robar da sirinji, yana dannawa, yana sakewa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, don ya mayar da tsakuwar baya cikin mafitsara. Duna yana nishi a tafin hannuna, ni kuma na sami kaina ina ce masa sannu, sannu, kamar mutum.

Can sai hanya ta buɗe. Fitsarin ya ɓalle, da jini da wari, ya malale tebur ya zubo min a gaban riga har ƙafa. Ban matsa ba. Na ce, "Alhamdulillahi, Dakta, ya fita!"

Bai taya ni murna ba. Ya sa abin sauraro a ƙirjin Duna ya daɗe.

"Hanya ta buɗe. Amma jiki ya riga ya sha guba, zuciyarsa da ƙyar take bugawa. In ya farfaɗo sai mu yi tiyata mu kwashe tsakuwar. Kun ba shi wani abu a gida?"

"Kanwa."

Ya rufe ido. "Ta ƙara masa ƙishi, ya sha ruwa, ruwan kuma babu inda zai bi."

Sai na yi tambayar da bai kamata in yi ba. Na ce, "Da jiya na kawo shi fa?"

"Alhaji, ni ba Allah ba ne. Amma jiya da ƙafarsa yake tsaye, ko ba haka ka gaya min ba?"

Haka na gaya masa.

Bai farfaɗo ba. Kafin azahar ya ja wani dogon numfashi, ya sake, shi ke nan. Kansa yana hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'izar Yaya Adamu, don a ranar can ina ta kula da yadda mutane ke kallona.

Da na fito, na tarar Malam Bukar bai tafi kasuwar ba. Yana zaune a kan benci a inuwar darbejiya, buta a gefensa. Ya nuna min hannunsa, gaba da baya.

"Ka gani? Ruwa da 'yar ƙasa. Ko shayi bai isa hucewa ba na gama."

Na sunkuyar da kai.

"Ka daɗe kana salla a bayana. Ka taɓa jin na ce a bar dabba ta mutu da ciwo don kada a ga mutum da ita? Wa ya koya maka wannan?"

Babu wanda ya koya min. Ni na koya wa kaina, ni na kuma ba kaina ijaza. Ya tashi ya dogara sandarsa, ya yi taku kaɗan, sai ya waiwayo.

"Kuma nan gaba in za ka yi ƙarya, kada ka ce balami. Balami fari ne."

Danchuwa na kai shi, a keke, ban lulluɓe shi da komai ba. A gefen gonar Yaya Adamu na haƙa rami da kaina na binne shi. Na tsaya ina son in ce wani abu, na rasa wa zan ba haƙuri, shi ko mai amanar. Mairo ta wanke shaddar har hannunta ya yi ja, tabon bai fita ba. Ragunan kuma na sayar da su, don babu mai gadinsu.

In kun tambaye ni abin da na koya, zan ce muku kada ku kuskura ku yi ƙarya a kan rago a Potiskum, kowa shehi ne a wannan fanni. Wannan shi nake faɗa in ana raha. Wanda ba na faɗa shi ne, kunyar da na tsaya gudu ta zo ta same ni duk da haka, a gaban mutanen nan dai, a wurin nan dai, har da ƙarin suna. Sun yi dariyarsu sun koma shan shayi, babu abin da ya ragu a jikina. Tun da dole sai na sha ta, da na sha ta ranar da likita ya ce yau.

Gorar tana nan jingine a kango. Kwanaki Mairo ta so ta ɗauka ta tokare igiyar shanya da ita, na ce ta bar min abata a inda take.